Kogin da Ya Zama Dutse

Da rani, idan ruwa ya janye, ka je inda 'yan tifa ke ɗiban yashi a bakin rafi, ka tsaya gaban gaɓar da shebur ya yanke. Za ka ga ƙasar hawa-hawa take, kamar tabarmin da aka jibga a kusurwar ɗaki: tsakuwa a ƙasa, yashi mai kaushi a kanta, sai lallausan rairayi, sai siririn layin baƙar laka, daga nan wata tsakuwar ta sake farawa. Kowane jeri ambaliya guda ce. Ruwa ya zo da ƙarfinsa ya yar da masu nauyi, ya lafa ya sauke marasa nauyi, ya kwanta ya bar laka. Wanda ya gane wannan gaɓa ya riga ya iya karatun rabin duwatsun Gombe da Adamawa, domin su ma gaɓar kogi ce, sai dai ta haura shekara miliyan 100 da bushewa. Ga kaɗan daga abin da ke cikinsu, da cikin 'yan uwansu na wasu ƙasashe.

Tekun da aka fara aka fasa

Afirka da Kudancin Amurka a dā ƙasa ɗaya ce. Dubi taswira, za ka ga kafaɗar Birazil tana shiga lungun mashigin tekun Gini kamar murfi da tukunyarsa. Da rabuwa ta zo, ƙasa ta tsage gida uku daga wuri guda, kusa da inda kogin Kwara ke shiga teku a yau. Tsaga biyu suka yi ta buɗewa har ruwa ya cika su, su ne Tekun Atlantika, wanda har gobe yake ƙara faɗi da 'yan santimitoci a shekara, daidai da tsirowar farce. Ta ukun ta miƙa arewa maso gabas, ta yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa wajejen Tafkin Chadi, ta buɗe kaɗan, sannan ta tsaya cak. Ita ce kwarin Binuwai. Da ba ta tsaya ba, da mutumin Jos sai ya shiga jirgin ruwa kafin ya isa Jalingo, da Makurɗi kuwa tana ƙarƙashin teku.

A can sama kwarin ya yi reshe biyu kamar gwafa: ɗaya ya bi Gongola zuwa arewa, ɗaya ya bi Yola ya shiga Kamaru ta Garwa.

Ramin da ba ya cika

Yaya za a yi kogi ya tara yashi mai kaurin kilomita? Kogin da muka sani, da ya cika kwarinsa sai ya sauya hanya. Amsar tana gindin ramin. A irin wannan tsagaggen kwari, gefe biyu suna ja da baya, tsakiya kuma tana zamewa ƙasa a kan manyan tsagogi, taki-taki, kowane taki da girgizar ƙasarsa. Koguna na gangaro da yashi daga tuddai, gindi na nutsewa, don haka kullum akwai inda za a zuba sabo, kamar rumbun da ake ɗura wa gero alhali daɓensa na lotsawa. Da haka ruwan da bai fi ƙugu ko wuya ba ya bar tarin da ya kai kilomita 5 zuwa 6 a mafi zurfin kwarin Binuwai. A kwarin Muglad na Sudan tarin ya haura kilomita 10.

Dutsen Bima

Wanda ya san labarin masu hijira zuwa gabas da zancen bayyanar Mahadi ya san Dutsen Bima, wanda ke tsaye kusa da kogin Gongola a jihar Gombe. Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kwanta dama a 1903, tana wannan yanki. Amma dutsen yana da wani sunan da ya yi a wajen masana duwatsu. Wani Bature, J. D. Falconer, ya wallafa littafi a 1911 a kan duwatsun Arewacin Najeriya, kuma tun wancan zamani duk inda aka ga irin wannan dutsen yashi a saman kwarin Binuwai, ko a Yola ko a Lamurde, da sunan Bima ake kiransa.

A wajejen Lamurde kaurinsa ya kai kimanin mita 3,000. Chappal Waddi, tsauni mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Wato da za a tsayar da yashin da waɗancan koguna suka zuba a gefen tsaunin, sai ya kere shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda wannan tari ke ba da labarinsa daga ƙasa zuwa sama, kashi uku. Na ƙasa hargitsi ne: manyan duwatsu masu kaifin baki, da tsakuwa, da jar laka, duk a cakuɗe, irin abin da ke gangarowa daga tsaunin da bai daɗe da tsagewa ba, a tsakaninsu akwai lakar tafkuna da suka kwanta a lungunan da suka fi lotsawa. Na tsakiya jeri ne a kan jeri, kowane ya fara da kaushi ya ƙare da laushi, irin na gaɓar 'yan tifa. Na sama kuwa yashi ne shimfiɗa bisa shimfiɗa mai faɗin gaske, aikin manyan koguna masu rarrabuwa suna haɗuwa kamar kitso, a fili wanda ya riga ya baje. Ƙuruciyar kwarin ke nan, da ƙarfinsa, da natsuwarsa, a jere.

Ga wani ɗan lissafi. A ƙaddara mita 3,000 ɗin nan sun taru a shekara miliyan 30. In ka raba, kowace shekara ta samu kashi ɗaya cikin goma na milimita, kaurin fallen takarda guda. Sai dai kogi ba ya aiki da rabon daidai. Yakan zuba kamu biyu a dare ɗaya, ya yi shekara dubu bai ƙara komai a wurin ba, ya dawo ya kwashe rabin abin da ya zuba. Lokacin da ya ɓace tsakanin hawa da hawa ya fi wanda ya rage a dutse yawa nesa ba kusa ba.

Dutse na nuna inda ruwa ya nufa

Idan mota ta bi da kai inda aka yanke tudu don hanya a ƙasar Bima, duba bangon da kyau. Cikin shimfiɗa guda za ka ga ƙananan layuka a karkace, duk sun jingina gefe ɗaya. Waɗannan fuskokin tudun yashi ne da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa: ƙwayoyi na hawa ta baya suna gangarawa ta gaba. Inda layukan suka gangara, can ruwa ya nufa. Ɗaliban jami'a kan sa ma'aunin alƙibla a kansu, su auna ɗaruruwa, su fitar da hanyar kogin da babu idon ɗan Adam da ya taɓa gani.

Tsakuwa mai faɗi ma tana faɗa. A cikin ruwa mai gudu takan kwanta ɗaya a bayan ɗaya kamar faifan da aka jera a jingine, goshinta na kallon inda ruwa ke tafiya.

Akwai kunya-kunyar da ruwa ke bari a kan rairayi, akwai tsattsagewar laka irin ta fadama a watan Maris. Duka biyun ana samunsu sun daskare a dutse, alamar ruwa ya zo kuma ya ƙafe. Jan launin da ke jikin dutsen tsatsa ce ta gaske, ƙarfen da ke cikin yashin ne ya sha iska. Kuma a cikin Bima ana tsintar guntayen itatuwa da suka koma dutse: ga zanen itace, ga gaɓoɓinsa, ka ɗaga ka ji nauyin da ya fi ƙarfin hannu ɗaya.

Malaman da suka riga kowa

A makaranta ana koyar da cewa Nicolaus Steno, mutumin Denmak, shi ya kafa ƙa'idar nan a 1669: hawan da ke ƙasa ya girmi wanda ke sama. Gaskiya ne shi ya tsara ta. Amma sama da shekara 600 kafin shi, Ibn Sina ya yi magana a Kitabus Shifa a kan tsaunukan da ake gani hawa-hawa, ya danganta su da laka da ruwa ya kwantar lokaci bayan lokaci. Shi kuwa Biruni, tsaransa, ya lura cewa a filin Indiya duk inda aka haƙa ana samun duwatsu mulmulallu, manya kusa da tsaunuka, ƙanana in an yi nisa, rairayi kusa da bakin teku. Sai ya yanke cewa filin nan teku ne a dā, koguna suka cike shi. Ido ne da haƙuri kawai, ba na'ura. Ya kamata a riƙa faɗa wa yaranmu wannan a aji.

Hujjar tasa ba ta tsufa ba. A 2012 wata motar bincike ta Amurka mai suna Curiosity ta aiko da hoton mulmulalliyar tsakuwa a manne cikin dutse a duniyar Mas. Iska ba ta iya mirgina tsakuwa mai girman haka har ta mulmula ta. Masana suka ce rafi ya taɓa gudu a nan.

Gombe a bakin teku

A kan yashin Bima akwai wani hawa da ake kira Yolde, inda yashin kogi ya fara cakuɗuwa da lakar bakin teku. A kansa kuma sai teku sosai. Kimanin shekara miliyan 94 da suka wuce ruwan tekunan duniya ya yi hawan da ba safai yake yi ba, ya shigo ta kwarin Binuwai daga kudu, ya haɗu da wani da ya gangaro ta Sahara daga arewa. Na ɗan wani zamani Afirka ta Yamma ta zama kamar tsibiri.

Shaidar tana Ashaka. Dutsen da masana'antar siminti ta can ke fasawa tun 1979 ɓawon halittun teku ne da suka mutu suka taru. A ramin haƙar ana samun wasu naɗaɗɗun katantanwa na dutse, wasu kamar tafin hannu, wasu kamar faranti. 'Yan uwan dorinar teku mai hannuwa da yawa ne, an daɗe da shafe irinsu daga duniya. Duk wanda ya yi gini da simintin Ashaka, da ƙasan teku ya yi.

A 1954 wani masani, Richard Reyment, ya raɗa wa biyu daga cikin waɗannan halittu sunaye: Gombeoceras da Bauchioceras. Gombe da Bauci ke nan a littattafan kimiyya na duniya, a matsayin sunayen dabbobin teku. Goronyo ma ta samu nata: wani ƙaton ƙadangaren teku da aka haƙo a ƙasar Sakkwato, daga wani tekun da ya zo daga baya, ana ce masa Goronyosaurus.

Su kansu hawa-hawan duwatsun sunayen garuruwanmu da ƙauyukanmu suke amsawa: Pindiga, Gongila, Fika, Gombe, a reshen Yola kuma Dukul, Jessu, Numanha, Lamja. Ɗalibin ilimin duwatsu yana haddace su don jarrabawa, mai garin kuwa sau da yawa ba a taɓa gaya masa ba. Wannan yana ci mini rai.

Gishiri da tozali

A Awe da Keana ta jihar Nasarawa, ɗaruruwan kilomita daga teku, ruwan gishiri ke tsattsafowa daga ƙasa, mata na tace shi suna dafawa tun kaka da kakanni, fatake na kai shi kasuwanni masu nisa. Masana na danganta shi da duwatsun da tsohon tekun ya bari.

Ta cikin tsagogin kwarin kuma ruwan zafi ya taɓa hawowa ɗauke da ma'adinai, ya huce ya bar su a jijiya-jijiya. Daga nan aka samu dalma da tutiya a Zurak ta ƙasar Wase da kuma Abakaliki, da wani farin dutse mai nauyin tsiya a Azara, wanda masu haƙar mai ke niƙawa su dama da laka don danne rijiya kada ta yi tsartuwa. Dutsen dalman nan mai ƙyalli shi ne ake niƙawa a yi tozali a wurare da dama. Iyaye mata, don Allah a kula: dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro, kuma jariri na murza ido ya kai hannu baki.

Ranar da aka matse kwarin

Abin da aka ja ya buɗe, daga baya an matse shi. Kimanin shekara miliyan 84 da suka wuce tafiyar nahiyar Afirka ta sauya, kwarin ya shiga tsaka mai wuya, shimfiɗun da ke kwance suka lanƙwashe kamar tabarmar da aka tura daga gefe biyu. Tudun Lamurde ƙusumbin irin wannan lanƙwasa ne, shi ya sa aka iya auna Bima a can: abin da ke binne ya fito fili a karkace, sai a bi shi da ƙafa maimakon a haƙa.

Yamma da Gombe akwai inda za ka ga tsofaffin hawa a karkace, an aske kansu, sabon yashi mai suna Kerri-Kerri ya kwanta a kansu sambal. Layin da ya raba su bai fi kaurin yatsa ba, amma lanƙwasawa da zaizaya na tsawon zamani suna cikinsa. Can daga baya wuta ta huda duka ta fito: Dutsen Wase maƙogwaron wani dutse mai aman wuta ne da ya daskare, jikin ya zaizaye ya bar shi tsaye, baƙin dutsen tudun Biu kuma aman wasu duwatsun ne irinsa.

Abin da mai haƙar rijiya ya sani

Na taɓa zama a bakin wata rijiya da ake haƙa, ana jawo ƙasa da guga ana zubarwa gefe, tuli-tuli, kowane da launinsa. Dattijon da ke jagorantar aikin ya damƙi wata ƙasa da aka fito da ita, ya murza, ya sunsuna. Na ce, "Baba, an kusa?" Ya ce, "Da saura, ɗana. Wannan yashi ne mai shanye ruwa, ba ya riƙewa. Sai mun ji yumɓu a ƙarƙashinsa. Yumɓu shi ne kwano, yashi shi ne tuwo." Ban taɓa jin wanda ya faɗi abin a taƙaice kamarsa ba.

Dutsen yashi cike yake da ƙananan ƙofofi tsakanin ƙwayoyinsa, ruwa na zama a ciki kamar a soso. Yola da kewayenta daga Bima suke shan ruwan burtsatse. Amma a kan tudun Kerri-Kerri, tsakanin Bauci da Gombe da Yobe, yashin ya yi kauri kuma ya cika shanyewa, ruwan sama na zurarewa can ƙasa kafin ya tarar da abin da zai tare shi. Shi ya sa a ƙauyuka da dama na yankin rijiya ke cinye igiya, burtsatse ke cinye kuɗi, yara ke tafiya mai nisa da jarka. Ba ragwancin kowa ba ne. Tsarin hawa-hawan ƙasar ne, kuma wanda zai kai musu ruwa dole ya san shi kafin ya sa injin.

Inda ruwan ya samu mafita kuwa, sai ka ga ikon Allah. Maɓuɓɓugar Wikki a Yankari daga gindin bangon dutsen yashi take fitowa, garau, da ɗumin digiri 31 dare da rana, rani da damina.

Mai daga tafki

Kwarin Binuwai yana da 'yan uwa a binne ƙarƙashin rairayin Nijar da Chadi da Sudan, duk tsagar zamani guda. A wasu daga cikinsu an yi tafkuna masu zurfi, gansakuka da ƙananan halittu suka mutu suka nutse cikin laka inda babu iskar da za ta ruɓar da su. Nauyi da zafin ƙasa suka dafa lakar ta fitar da mai, man ya tsiyaya ya shiga yashin tsofaffin koguna, wata lakar ta rufe shi ta sama. Kwano da tuwon Baba ne, sai dai a kife, domin mai sama yake nema.

Sudan ta fara fitar da man Muglad a 1999. Chadi ta bi a 2003 da na Doba, ta bututu mai kilomita 1,070 zuwa Kribi a gaɓar Kamaru. Nijar ta fara haƙo na Agadem a 2011, ana tace shi a matatar da ke kusa da Damagaram mai ɗaukar ganga 20,000 a rana. A Najeriya an sanar da samun mai a Kolmani, kan iyakar Bauci da Gombe, a 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin a Nuwamban 2022. Samu daban, haƙowa a sayar daban; amma dalilin da ya sa aka nema a can ba zato ba ne, dangantakar duwatsun ce. Kwal ɗin Maiganga kuma, a ƙaramar hukumar Akko, dazuzzukan fadama ne na bakin kogi da aka binne.

Kada ɗaya, nahiya biyu

A Gadoufaoua, cikin hamadar Tenere kudu maso gabas da Agadas, iska na tone yashin wasu koguna tsararrakin Bima. Ba cikin tsagar suke ba, amma su suka fi nuna abin da ke yawo a bakin ruwa a wancan zamani. Akwai kada mai suna Sarcosuchus, wanda ake ƙiyasta tsawonsa tsakanin mita 9 zuwa 12, ƙoƙon kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum. Akwai Nigersaurus, dainoso mai cin ciyawa, bakinsa mai faɗi kamar shebur, haƙora sama da 500, kowane na sauyawa cikin kamar mako biyu. An samu ɗan uwan wannan kada na jini a kwarin Recôncavo na jihar Bahia a Birazil, wanda shi ma tsagagge ne mai cike da yashin kogi da lakar tafki. Kadan ruwan daɗi bai ƙetare Atlantika ba. Lokacin babu Atlantikan da za a ƙetare.

A kwarin Koum na arewacin Kamaru, ƙanin reshen Yola, an samu haƙoran dainoso da sawun ƙafafunsu a kan laka da ta zama dutse.

Hankakan Annabi Nuhu

Gabashin Amurka ma yana da jerin irin waɗannan kwaruruka, daga lokacin da ya rabu da arewa maso yammacin Afirka. A 1802 wani yaro mai suna Pliny Moody yana huɗa a gonarsu a jihar Massachusetts, garma ta tono falalen dutse mai sawu na yatsu uku. Mutanen gari suka ce sawun hankakan Annabi Nuhu ne. Aka ajiye dutsen a bakin ƙofa ana takawa. Sawun dainoso ne, shekara 40 kafin a ƙirƙiro kalmar kanta. Jan dutsen da aka yi fuskar dubban gidajen birnin New York da shi, yawancinsa daga kwarin da wannan gona take ciki aka sassaƙo shi. Yashin kogi ne kamar Bima.

A kwarin Newark, maƙwabcinsa, an haƙo sandar dutse mai tsawon kusan kilomita 7 in an jera, a farkon shekarun 1990. Aka ga tafki na cika yana ƙafewa, baƙar laka sai ja, baƙa sai ja, a kan wani tsari da ba ya saɓawa. Mafi tabbata a ciki na dawowa duk shekara 405,000, kuma sanadinsa jan da duniyoyin Mushtari da Zara ke yi wa hanyar da duniya ke bi tana zagaya rana. Zara matar wata, wadda muke gani da magariba, ta bar sa hannunta a cikin laka.

Inda abin ke faruwa yanzu

Wanda ke son ganin yadda Gombe take a zamanin Bima, ya dubi Gabashin Afirka. A can nahiyar na tsagewa da 'yan milimitoci a shekara. A Satumban 2005, a yankin Afar na Habasha, ƙasa ta buɗe tsawon kilomita 60 cikin 'yan makonni, faɗin ya kai mita 8 a wasu wurare. Tafkin Tanganyika, mai zurfin mita 1,470, tsaga ce da ruwa ya cika. Baikal na Rasha ne kaɗai ya fi shi, da mita 1,642, shi ma tsaga ce. A ƙarƙashin kowannensu akwai laka mai kaurin kilomitoci.

Gatan da wancan yanki ya samu shi ne toka. Duwatsu masu aman wuta kan yayyafa ta a kan komai, ta kwanta fara tsakanin hawan yashi, kuma ana iya auna shekarunta a ɗakin gwaji. A kwarin kogin Omo an bi irin waɗannan layukan toka an raɗa musu haruffa, sun raba tarin da ya haura mita 700 kamar alamar shafi. Da irinsu aka san cewa ƙasusuwan Lucy, halitta mai tafiya da ƙafa biyu da aka tsinta a Hadar a 1974, sun kai shekara miliyan 3.2. Habashawa na kiranta Dinkinesh, wato "ke abin mamaki ce".

Tsagar da ta mutu ma takan motsa. Kogin Mississippi a Amurka na bi ta kan wata tsohuwa, kuma a girgizar ƙasar New Madrid ta 1811 zuwa 1812 an ga ruwansa ya koma da baya na 'yan sa'o'i.

Uwar ruwa

Kogin Binuwai na yau, mai tsawon kusan kilomita 1,400 daga tudun Adamawa a Kamaru zuwa Lakwaja, ba shi ya haƙa kwarinsa ba. Ya tarar da tsohon rauni ne ya bi. Bature matafiyi Heinrich Barth, da ya iso bakinsa a 1851, ya rubuta cewa sunan a harshen Bata na nufin uwar ruwa. Yanzu yana cin yashin Bima da ruwan sama ke zaizayowa, yana ɗauke da shi zuwa Kwara, Kwara ta kai shi teku. Ƙwayar da wani kogi ya ajiye zamanin kada mai mita 9 ta sake shiga hanya.

Ba duka ke isa ba. Madatsar Lagdo da aka gama a 1982, da ta Daɗin Kowa, da ta Kiri, kowace na tare nata rabon, yana kwanciya a bayanta shekara bisa shekara yana rage mata ciki. Wanda ya wuce kuma, ambaliya irin ta 2012 da ta 2022 kan fitar da shi ta shimfiɗa a gonakin fadama. Bayan ruwa ya janye, manomi ya zo da fartanya ya tarar da farin yashi inda ya bar shinkafa. In ya sara ƙasa kamu ɗaya ko biyu, sai ya ci karo da baƙar ƙasar bara, da kututturen shinkafarsa a kwance, duk sun karkata gefen da ruwa ya bi.